'Yar Bama a Gindin Randa

A wani gidan haya a unguwar Nima, ɗaki na ƙarshe kusa da kwata, nan Baba Ziblim yake zaune da 'yarsa Zuera. Shi tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama a ƙetaren teku zamanin mulkin mallaka, yanzu yana gadin wani sito a unguwar Circle. Ita kuwa koko take sayarwa a bakin titi. Ba su da kujera, ba su da kabad na jere, kuma shekara huɗu ke nan ba su da Mma Awabu, mahaifiyar Zuera, da ta rasu.

Abin da suke da shi wata 'yar shuka ce cikin tsohon kwanon soja mai huji a gindi. Daga dajin Bama Baba ya taho da ita a jirgin ruwa, yana raba ruwan shansa da ita, ya miƙa wa Awabu ranar da ya sauka. Wani ofisa ya ce masa okid ake kiranta, shi dai 'Yar Bama yake ce mata. Ganyenta duhu ne mai laushi kamar karan-miski, da jijiyoyi masu ruwan zinariya kamar an yi musu surfani. Mazauninta gindin randa, inda akwai inuwa da danshi.

Da aka yi wa Baba rasuwa a garin Yendi, zai tafi ta'aziyya, sai da ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa.

"Ruwan sama kaɗai, Zuera. Kada rana ta gan ta."

"Yoo, Baba."

Kwana biyu da tafiyarsa Jalilu ya zo, telan Maamobi da ke sonta tun bara.

"Sanyin idona, gwaggona Hajiya Amama za ta biyo daga unguwar Kanda ranar Asabar. Gaisawa kawai."

"Nan ɗakin?"

"To ina? Ke za ta gani, ba bango ba."

Zuera ta yi murmushi, amma da ya tafi ta tsaya tana kallon ɗakin kamar baƙuwa. Tabarma ta cinye, labule ya sha faci. Abu ɗaya ne mai kyau, shi ma cikin kwano mai tsatsa.

Ta ari sabuwar tasa mai furanni wurin maƙwabciya. Ta zare shukar ta dasa a jar ƙasa, ta tura kwanon ƙarƙashin gado. Ta lakaci man kaɗe ta murje kowane ganye har yana walƙiya, sannan ta girke tasar a bakin ƙofa, inda mai shigowa ba zai rasa ganinta ba.

Hajiya ta zo, ta sha ruwa, ta yi addu'a. Da za ta fita ta kalli tasar.

"Wannan kuma wane irin alayyafo ne? Ana miya da shi?"

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Zuera ba ta mayar da shukar ba, don Jalilu ya ce ta ƙawata ƙofa. Da ta ga ganyen yana laushi sai ta ƙara mata ruwan famfo safe da yamma, tasar kuwa ba huji. Cikin mako guda duhun ya koɗe, zinariyar ta dusashe, ƙura ta manne a man. Ganye biyu suka yi rawaya suka faɗi.

Ranar da Baba zai dawo, Jalilu ya same ta tsugune tana hawaye.

"Ki ce ni ne. Ni na fitar da ita."

"Sai ya tsane ka..."

"Gara ni da ke, masoyiya."

Suna cikin haka aka yi sallama. Baba ya shigo da ƙurar hanya, ya amsa gaisuwa, idonsa ya tafi gindin randa. Wayam. Sannan ya ga tasar.

Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna a hankali, ya taɓa ganye ɗaya da bayan yatsa, ya shinshina.

"Baba, ni ne na..." Jalilu ya fara.

"Ba shi ba ne," in ji Zuera. "Ni ce. Baƙuwa za ta zo, na ji kunyar ɗakin... na ji kunyar kwanonka, Baba."

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Baba ya ɗago ya dube ta.

"Ina kwanon?"

Ta rarrafa ta jawo shi, yana da yanar gizo a baki. Ya karɓa ya goge da bakin rigarsa.

"A cikinsa na ci abinci shekara uku," ya ce. "Kai tela, ƙarya ba ta yi maka kyau ba, amma na ga dalilinta. Je ka samo min ɓawon kwakwa da gawayi. Ke kuma ruwa mai ɗumi-ɗumi da tsumma mai laushi."

Ya zaunar da ita ya nuna mata komai. Saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, a yanke. A daka ɓawon kwakwa da gawayi, a cuɗa da ruɓaɓɓen ganye, kada a danna. Ita ta goge man daga ganye ɗaya-ɗaya, hawaye na ɗiga a hannunta.

"Zai dawo, Baba?"

"Wanda ya koɗe ba ya dawowa. Sabo za mu jira." Ya juya ga Jalilu. "Ranar da sabon ganye ya buɗe, ka turo manyanka. Kafin nan, a'a."

"In bai buɗe ba fa?"

"Sai ka ci gaba da ɗinki."

Kullum da safe kafin ta ɗora koko, Zuera takan tsoma yatsa a kwanon. In da danshi ta bari, in ya bushe ta ɗiga ruwan sama daga kwalba. Takan yayyafa ruwa a jikin randa don sanyi ya tashi. Jalilu kuwa har maƙwabta sun gane shi, kafin ya gaishe ta sai ya leƙa gindin randa.

"Wurin wa kake zuwa ne, ni ko ita?"

"Ita ce alƙaliyata, dole in yi mata fadanci."

A mako na bakwai wani ɗan tsiro ya fito a naɗe. Kwana uku ya buɗe, duhu sosai, zinariyar na kyalli. Baba ya dube shi, ya yi 'yar dariya.

"Kin san uwarki ma ta shafa mata man kaɗe? Makon farko. Wai ta ga ta yi kaushi."

"Mma?"

"Ta yi kuka paa. Ni kuma na yi mata tsawa, har yau ina jin kunyar wannan."

Ranar da za a kai amarya, Baba ya yanki reshe ɗaya mai gaɓa biyu, ya dasa wa kansa a gwangwanin madara. Kwanon sojan kuwa ya miƙa mata. Wata ƙawa ta kawo zane za ta rufe shi, Zuera ta ce a bar mata haka, ta rungume shi tun daga Nima har Maamobi, tana kare shi daga rana da mayafinta.

Ta riga ta gane cewa a ɗakin mahaifinta babu abin kunya ko ɗaya, sai wanda ita ta aikata.