Kun San Juna?

Milka na tsakar gida tana tsince acca lokacin da Anti Faustina, ƙanwar mamanta, ta shigo da ambulan a hannu, ko kayan asibiti ba ta cire ba. Saura sati uku auren Milka da Gershon, kuma a cocinsu amarya ba ta sa farin mayafi sai an kai wa kwamitin aure takardar gwajin ciki. Da dariyarta Milka ta je aka yi gwajin da safe. Me za ta ji wa tsoro?

"Ajiye tiren nan," in ji Anti. "Milka, ciki gare ki. Sau biyu na maimaita tes ɗin."

Tiren ya suɓuce, kaji suka yi wa accar caa. Mama ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu. Mahaifinta Baba Kumai, wanda shi kansa dattijon coci ne, ya fito daga ɗaki.

"Yarinyan nan kin kashe ni! Ba a gabana Fasto ya tambaye ku, kun san juna? Kika buɗe baki kika ce a'a!"

"Baba, Allah ya sani ban san shi ba! Ban taɓa sanin namiji ba!"

Kuma ba ƙarya take yi ba, iyakar fahimtarta ke nan. A bakin mutanen coci, sanin juna shi ne kwanciyar miji da mata, ita kuwa ba su kai can ba. Wata Asabar ce da rana suka je shafa fenti a ɗakin da Gershon ya kama, wasa ya yi nisa, tufafi suka ragu, jiki ya haɗu da jiki. Amma sun tsaya. Bayin Allah, har durƙusawa suka yi suka gode wa Ubangiji da ya tsare su!

Kafin yamma Gershon ya iso tare da mahaifiyarsa, Mama Joanna, wadda ko zama ta ƙi yi.

"Ɗana ya ce bai taɓa ta ba. Sai ku nemo mai kayan, mu kam ba za mu ɗauka ba."

Milka ta dubi Gershon tana jiran ya yi magana. Da ya buɗe baki, muryarsa can ƙasa take.

"Milka, abeg, gaya mini gaskiya. Wane ne?"

Duk ihun Baba bai tsorata ta kamar wannan tambayar ba. In shi da yake wurin bai yarda ba, wa zai yarda da ita a duk Kafanchan?

Anti ta ja su biyun bayan kicin, ta tsare su da tambayoyi har kunya ta ƙare, suka faɗi komai.

"Kai malamin makaranta ne amma ba ka sani ba?" ta ce wa Gershon. "Ruwan nan da yake fara fito wa namiji tun kafin maniyyi, wani lokaci da iri a cikinsa. In ya taɓa bakin gaban mace, zai iya wucewa ciki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa. Lissafa daga Asabar ɗin nan mana!"

Gershon ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa. Sai ya juya ya fita.

Kwana huɗu bai kira ba. Milka ta daina cin abinci, ko babur ya tsaya a ƙofa sai ta leƙa ko shi ne. Ta ji labarin Mama Joanna ta ja masa kunne ya yi shiru, tunda ba wanda zai iya kama shi da laifi.

Ran Lahadi Fasto ya karanta sunanta, ya ce an sa ta ƙarƙashin horon ikkilisiya. Ta tashi ta nufi bencin baya, inda masu horo ke zama, idanu na bin ta. Baba ya sunkuyar da kai. Can gaba kuwa Gershon na zaune cikin rigar kwaya ta mawaƙan coci, sunansa fes.

Har an ɗauko littafin waƙa sai ya miƙe.

"Fasto, a dakata. Cikin nan nawa ne. Da muka ce ba mu san juna ba, mun ɗauka gaskiya muka faɗa, ashe jahilci ne. Na kuma ƙara da zarginta. In horo ne, namu ne mu biyu."

"Gershon, zauna!" in ji Mama Joanna.

Ya cire rigar kwayar, ya ninke ta a kan kujera, ya tako tun daga gaba har baya, ya zauna kusa da Milka. Sai a lokacin kukan da take riƙewa ya ƙwace mata.

Bayan wata uku aka sa wa aurensu albarka, ba farin mayafi, ba gayya. Milka ta yi haƙuri da surutun mutane, Allah kuma ya bar mata mijinta. Samari da 'yan mata, ku ji da kyau: jiki bai san iyakar da kuka ja da baki ba, kuma abin da kunya ta hana ku tambaya yana iya zame muku kuka. In ko abu ya riga ya faru, mai ƙaunarki na gaske shi ne wanda ya taso ya zauna tare da ke a bencin baya.