Ramuwar Paloma

Ranar da Paloma Archuleta ta fara ganin Dakta Nestor Tafoya, sai da gabanta ya faɗi don kyansa. Kafin awa guda ta cika kuwa, ta tsane shi.

A taron likitocin haƙori na birnin Albuquerque a Amurka ne. Ta zo da mahaifinta, Dakta Eusebio, wanda ya shekara arba'in yana gyaran haƙori da hannu. Nestor na koya wa 'yan uwansa likitoci yadda na'ura ke ɗaukar hoton baki, kwamfuta ta zana haƙori, inji ya sassaƙa shi nan take. Sai ya hasko wani hoto a allo.

"Ku dubi wannan aiki," ya ce yana murmushi. "Likita ne ya yi shi ko birkila?"

Zaure ya kwashe da dariya. Ba a ambaci suna ba, amma tsohon ya gane aikinsa, na shekarar da hannunsa ya fara rawa. Ya ɗauki hularsa ya fice.

"Baba, bar ni da shi," in ji Paloma a mota. "A zauren nan zai sha tasa kunyar, a gaban mutanen nan."

Da yake ita ma likitar haƙori ce, sai ta shiga ajin da Nestor yake yi wa likitoci duk Asabar. Tana koyo, tana tonon tsofaffin ayyukansa da yake ba ɗalibai su yi nazari. Matsalar ita ce mutumin yana da haƙuri. In ta kuskure, sai ya jawo kujera ya zauna su sake tun daga farko.

Wata rana ya turo mata saƙo: "'Yar rigima, kin fi kowa ƙoƙari, kin fi kowa harara. Me na yi miki?"

"Za ka sani, Malam Na'ura," ta amsa. Ta kama kanta tana murmushi, ta ji haushin kanta.

A wata na takwas ta samu abin da take nema: haƙori uku da ya zana da gaggawa, duk suka tsage a bakin wata mata. A lokacin ta riga ta kamu da sonsa. Amma duk lokacin da ta tuna fitar mahaifinta daga zaure, sai zuciyarta ta bushe.

Da taro ya zagayo, ta hau mumbari ta hasko hoton.

"Wannan kuwa zan faɗi mai shi. Ga shi can a layin gaba. Bara ya mai da mahaifina abin dariya."

Nestor ya miƙe, kunnuwansa jajur.

"Aikina ne," ya ce. "Kuma na ci mutuncin wanda ya girme ni a sana'a. Na cancanci wannan."

Ta rama, amma daɗin bai zo ba. Kwana huɗu ba ta ji daga gare shi ba. A na biyar saƙo ya shigo: "Kin huce? Ni dai ban warke ba. Ina sonki tun kafin ki yanka ni."

Da maganar aurensu ta taso, Eusebio ya ce atafau. "Wannan mara kunyar? A gidana?"

Da Nestor ya naci, tsohon ya ajiye masa kakin zuma da 'yar wuƙa. "Sassaƙa min turmin haƙori da hannunka. Ranar da na yarda da shi, ka zo da maganar aure."

Sau talatin da ɗaya yana murƙushe masa aiki da babban yatsa, yana cewa, "Sake." A na talatin da biyu ya daɗe yana juya shi a haske, sannan ya jefa a aljihun rigarsa.

An ɗaura auren a watan Oktoba, gari na ƙamshin gasasshen barkono. A ƙofar coci tsohon ya haɗa hannayensu cikin nasa masu rawa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka." Ya matso kusa da kunnen ango. "Ɗana, shawara ɗaya. In ka ɓata mata rai, ka ba ta haƙuri a ranar. Yarinyar nan tana iya jira shekara."