Ɗigo Ɗaya

An dakatar da Injiniya Sharfaddeen Garba daga aiki a wani kamfani da ke Huangpu a ƙasar Sin, bayan ya katse gwajin injin da ke juya madubin tauraron ɗan adam. Injin ya kwana arba'in cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska aka liƙe.

Ya ce daren Talata yana tsaron gwajin shi kaɗai sai ya ji ƙamshin man kaɗanya. Wani dattijo na tsaye bayansa, babu takalmi, babu safar hannu.

Dattijon ya ce da Hausa, "Ɗana, ɗigo ɗaya na mai kuka sa masa? Kuka yake. Na ƙara masa."

"Baba, ai a liƙe take."

Dattijon ya nuna masa yatsansa, jiƙe sharkaf da man kaɗanya.

Sharfaddeen ya kashe wutar injin. Har jiya da yamma injin yana juyawa.