Allon da Baba Direba Ya Haddace

"Auta! Wai shayin nan sha za ki yi, ko gadinsa aka ba ki?"

Umma ce ta yi maganar daga bakin ƙofar kicin, tana goge hannu da gefen zaninta. Auta ta yi firgigit. Tun ɗazu take zaune a falo riƙe da kofi, shayin har ya yi fata, farar rigar aikinta na rataye a kafaɗa, idonta a kan waya.

"Umma, gabana ne yake faɗuwa."

"Subhanallahi! Da sassafen nan? Ke da wa?"

"Injiniya ne ya turo mesej. Wai yau Babansa zai zo asibitinmu gwajin ido, za a sabunta masa lasin."

Umma ta kwashe da dariya har da tafa hannu. "To shi ne me? Yau kunyar suruki ta kama likita! Tashi ki wuce, kar ki makara."

Auta ta yi murmushin yaƙe. Da kunya ce ai da sauƙi. Shekara uku ke nan tana gwada idon mutane a wani ƙaramin asibiti, kuma tana son aikin kamar ranta. Injiniya kuwa shi ne saurayin da saura wata biyu a ɗaura musu aure. Gyaran firji da esi yake yi, ko ƙofar jami'a bai taɓa leƙawa ba, mutanen unguwa ne suka ba shi digirin da bakinsu. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba Direba, ya shekara talatin da ɗaya yana jan motar 'yan makaranta, ko kaza bai taɓa takewa ba. To amma ranar da Auta ta je gaishe su, da idonta ta ga tsohon ya ɗauki jug zai zuba ruwa a kofi, ya tsiyaya shi a kan tebur, gefen kofin. Kowa ya yi dariya aka wuce wurin, ita ce kaɗai ba ta yi ba.

Ɗakin gwajin siriri ne mai tsawo. Kujera ɗaya a wannan ƙarshen, allo mai fitila a wancan. Domin ba kowa ne ya iya karatu ba, harafi ɗaya ne tak a kan allon, mai ƙafa uku, sai dai kowanne da inda ƙafafunsa suka kalla: sama, ƙasa, dama ko hagu. Manya a sama, suna ta ƙanƙancewa har layin ƙarshe.

Baba Direba ya shigo da sallama, fes da shi, yana ƙamshin turare. Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Tashi, 'yata, tashi. Yau ni ne ɗalibinki."

Ta rufe masa idon hagu, ta ɗauki sandar nuni. Ba ta kai ga ɗora ta a kan allon ba ya fara.

"Dama. Sama, hagu. Ƙasa, dama, sama..."

Tiryan-tiryan ya sauko har layin ƙarshe, layin da samari 'yan shekara ashirin ma sai sun ƙanƙance ido. Ko ɗaya bai kuskure ba. Sai dai idonsa ba a kan allon yake ba, a kan bangon da ke gefensa yake.

Auta ta ajiye sandar nunin. Allon nan fuska biyu gare shi, kowace da nata jerin. A hankali, ba tare da ƙara ba, ta juya shi.

"Baba, mu sake sau ɗaya."

"Dama. Sama, hagu. Ƙasa, dama, sama..."

Innalillahi! Jerin ɗazu ne yake maimaitawa kamar karatun hadda. Harafin saman nan, mai girman tafin hannu, hagu ya kalla, shi kuma dama ya ce. Ta haska masa fitila a ido, sai ga yana ta yi fari a duka biyun, na dama ya fi muni.

"Baba," ta ce, "na juya allon."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Yana ce kawai, Baba, ana cire ta. Aikin bai fi minti ashirin ba..."

"Wuƙa a idona? Abokina ya shiga da ido ɗaya, ya fito babu ko ɗaya! Kuma ina kwanciya makaranta za ta ɗauki wani. Hanyar nan na san ta kamar tsakar gidana, 'yata. Kowane rami, kowace kwana. Sa hannu kawai za ki yi."

"Ramin ba ya motsi, Baba. Yaron da zai tsallaka titi fa?"

Ya miƙe, ya lalubi ƙofa ya fita. Ko minti ɗaya ba a yi ba Injiniya ya faɗo ɗakin kamar an jefo shi.

"Me kika yi masa? Me kika gaya wa Babana?"

"Kai zan tambaya! Wa ya ba shi jerin allon nan?" Sai ta tsaya cak, don ta tuna. "Ranar da ka kawo min abinci... ka zauna a kujerar nan ka ce hoton kanka kake ɗauka..."

Ya kau da kai. "Kwana shida ina biya masa. Ubana ne fa! Sai in zuba ido ya zauna a gida yana ƙirga ƙudaje? Filis, Auta, biro kawai za ki ja. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Yara talatin da biyu yake ɗauka kullum."

"To ki zaɓa. Ko takardar nan, ko ni."

Kai, namiji in ya so kansa! Shi ya yi satar, shi ne kuma mai ba da zaɓi. Auta ta ja fom ɗin, hawaye na ɗiga a kai, ta rubuta abin da ta gani, ta haɗa da takardar zuwa wurin likitan tiyata. Ya fizge su ya bugo ƙofa.

Da la'asar mahaifiyar Injiniya ta iso gidan su Auta, ko mayafi ba ta gyara ba. Ruwan da Umma ta kawo ma ba ta kalla ba.

"Ina marar kunyar take? Ke! Tun ba ki shigo gidan ba kin fara tona mana asiri? Mutumin da ya isa ya haifi uwarki za ki ce wa makaho?"

"Mama, wallahi ban ce..."

"Rufe min baki! Kar ki ƙara ce min Mama! Gobe ki gyara takardar nan, in ba haka ba maganar aure a ajiye ta. Mata ba su ƙare ba!"

Tana fita Umma ta zube a kujera ta fashe da kuka. "Auta, ki rufa min asiri. An gaya wa dangi, an gaya wa maƙwabta. Da wane ido zan kalli mutane? Sa hannun nan guda ɗaya..."

Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta. "Umma, da ina ƙarama, motar makaranta kike saka ni kullum ki koma gida hankalinki kwance. Da kin san direban ba ya gani, za ki saka ni?"

Umma ta share fuska da mayafi. "Tashi. Allah ya fi mu sanin abin da ya dace. Kar ki sa."

Sati uku suka wuce, Injiniya ko fulashin bai yi mata a waya ba. Makarantu na hutu, shi ne kaɗai abin da ke ɗan kwantar mata da hankali. Ta rame, ta yi zuru-zuru. A wurin aiki ta koma tsoron kowa, duk wanda ya karanta allo daidai sai ta juya masa shi sau biyu, har masu jira suka fara gunaguni. Ta rubuta takardar barin aiki ta saka a jaka. A ranar ne aka kawo wata tsohuwa da ta shekara biyar ba ta iya zura zare a allura, Auta ta ɗora mata gilashi, tsohuwar ta kalli tafin hannunta ta rangaɗa salati, ta rungume ta tana sa mata albarka. Da ta koma gida ta yaga takardar, ta ci abinci har da ƙari. Umma ta ce, "Yauwa! Ki riƙa barin asibiti a asibiti, ki dawo min da 'yata."

Ranar Lahadi da yamma saƙon Injiniya ya shigo: "Mun samu takardar a wani wuri, ba sai da ke ba. Gobe Baba zai koma aiki."

Auta ta sake karanta saƙon. Ta san irin wuraren, hoto kawai ake kai musu su buga hatimi. Ta kira shi ya fi sau goma, bai ɗaga ba.

Gari na wayewa ta zura farar rigarta ta fita, Umma na kiranta ba ta juyo ba. A ƙofar gidansu Baba Direba yake ajiye motar, daga nan yake fara bin gidaje yana kwasar yara. Tana shiga layin ta hango ta, doguwa mai ruwan ɗorawa, har ta taso. Layin gabas ya kalla, rana ta fito ta daki gilashin gaba sosai. Auta ta san abin da hasken safe ke yi wa mai yana a ido: komai wankewa yake ya koma fari fat.

Ta tsaya a tsakiyar hanya ta ɗaga hannu biyu. "Baba! Baba, ka tsaya!"

Motar ba gudu take ba, amma ba ta rage ba. Tana ganin fuskarsa sarai ta gilashi, ya miƙo wuya, ya ƙanƙance ido, yana kallon daidai inda take. Ta ce a ranta yanzu zai taka birki. Taku goma. Taku biyar. Ƙafafunta suka ƙi ɗaguwa, kamar an dasa su.

"Baba, birki! Birki! Mutum ne!"

Injiniya ne ya fito daga gida a guje, ba ko takalmi, yana dukan jikin motar da hannu biyu. Taya ta yi ƙara. Ƙarfen gaban motar ya bugi gwiwar Auta, ta faɗi zaune a ƙasa.

Layin ya cika da salati. Injiniya ya zube a gabanta. "Auta! Auta, yi magana! Kin ji ciwo? Na shiga uku!"

"Ban ji ba," ta ce. "Ban ji ba."

Baba Direba ya sauko yana dafa ƙofa. "Wane ne? Wa na buge?"

Matarsa da ta fito da ludayi a hannu ce ta amsa. "Yarinyar nan ce, Malam. Likitar."

Tsohon ya zauna a kan matakalar motar, ya dafe kai. "Babbar mace, da farar riga, gari ya waye tangaran... wallahi ban gan ta ba. Ban ga komai ba." Sai kuka ya ƙwace masa. "Da ɗan wani ne mai jakar makaranta fa?"

Ya zare makullin, ya miƙa shi cikin iska yana lalubar ɗansa. "Karɓi, kai ka mayar wa makarantar. 'Yata, takardar tiyatar nan, tana nan?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Tana wurina, Baba. Ban iya yaga ta ba." Ya juyo gare ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Na cuce ki, na kusa cutar ubana. Ko ba za ki aure ni ba, ki yafe min."

"Ka fara kai Baba asibiti," ta ce. "Sauran maganar ta jira."

Ranar tiyata tsohon ya ƙi shiga sai da Auta ta riƙe masa hannu har bakin ƙofa. Washegari aka taru a ɗakin, likita ya ɗaye auduga a hankali. Baba Direba ya ƙifta ido, ya sake ƙiftawa. Ya kalli matarsa ya ce, "Ikon Allah, yaushe kika yi furfura haka?" Aka kwashe da dariya, ita kuma ta harare shi tana share hawaye. Sannan ya juya ya tsaya a kan yarinyar da ke raɓe a jikin bango.

"Wace ce wannan?"

"Haba Malam, surukarka ce!"

Ya daɗe yana kallonta. "Shekara biyu kina zuwa gaishe ni, muryarki kaɗai na sani. Ashe haka fuskarki take." Ya miƙo hannu. "Matso, 'yata. Kowa a gidana ya so ni, amma ke kaɗai kika ƙi yi min ƙarya."

Mahaifiyar Injiniya ta taso ta kama hannun Auta ta ɗora a nasa, ta ce, "Ki yafe ni."

Bayan an yi wa ɗaya idon aiki ya warke, makarantar ta mayar da shi bakin motarsa. Auren ma an ɗaura, ko da yake sai da Auta ta ja wa Injiniya rai na wata guda cur, kuma ni dai ban ga laifinta ba.

'Yan'uwa, duk wanda aka damƙa wa biro ko hatimi, rayukan mutane aka damƙa masa, har da na waɗanda bai taɓa gani ba. Masu matsa maka ka karkace ba kullum maƙiya ba ne, sau da yawa naka ne, da kuka za su zo maka. Ka ji tsoron, ka yi kukanka, amma kar ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. In ka yi haƙuri, su ɗin ne za su fara gode maka.