Ba Ya Fitowa a Jarrabawa

Saura mako shida a fara jarrabawar ƙarshe, ƴan mata biyar suka yi shawara a bayan aji. Darussa biyar ne ke ba su wahala: tattalin arziki, kemistiri, adabi, lissafi da labarin ƙasa. Kowacce za ta ɗauki ɗaya, ta karance shi, ta koya wa sauran.

Suka rubuta darussan a ƴan takardu, suka naɗe, kowacce ta zara. Kemistiri ya faɗo wa Auta. Ita kuwa da kemistiri ba sa ga maciji.

"Za ki iya?" in ji Doguwa, wadda ta sami lissafi.

"Kamar shan ruwa," in ji Auta. Kunya ce ta hana ta faɗin gaskiya.

Ranar da layi ya zo kanta, ta karanto musu abin da ta haddace. Da aka zo babin daidaita sinadarai, sai ta buɗe shafi na gaba.

"Kin tsallake nan," in ji Mai Tabarau.

"Wannan ba ya fitowa a jarrabawa."

Babi uku ta tsallake da wannan magana, su kuma suka yarda da ita.

A jarrabawar gwaji, babin nan ne tambaya ta farko. Duk su biyar suka faɗi. Malama ta jera takardunsu a kan tebur.

"Abin mamaki, wuri ɗaya kuka bari babu amsa. Wa ya ce kada ku karanta nan?"

Babu wadda ta tona ta. Wannan shirun ya fi duka yi wa Auta ciwo.

"Ni ce, Malama. Ban gane ba ne, sai na ce ba ya fitowa."

"Da kin ce ba ki gane ba, da ke kaɗai za mu gyara," in ji Malama. "Yanzu ga shi kin ja mutum huɗu. Ki riƙa zuwa lokacin tara, mu fara daga farko."

Auta ta ba ƙawayenta haƙuri. Doguwa ta yi kwana biyu tana cin magani, sannan ta huce.

Ana gobe jarrabawa, Mai Tabarau ta sake jefo mata wata tambaya mai wuya.

"Ban sani ba," in ji Auta. "Ku tashi mu je wurin Malama ta nuna mana."

Tambayar kuwa ta fito, kuma duk su biyar suka ci. Tun daga nan Auta ta gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Ɓoyewar ce ke cutar da mutum, har da waɗanda suka dogara da shi.