Lefe Ba Guɗa

"Yaya Hamza, in ka buɗe akwatunan nan a bakin shinge, wallahi ka gama da ni a garin nan."

Ina faɗa ina kuka, na durƙusa na riƙe gefen rigarsa. Shi ne shugaban 'yan sintirin ƙauyenmu, ɗan ƙaramin gari a bakin daji tsakanin Madarunfa da Gabi. Tun da ɓarayin daji suka fara ɗibar mutane da shanu ya kafa doka, ba motar da za ta wuce shinge sai an sauke kowa an bincike ta. Washegari kuwa za a kawo lefena.

Na tambaye shi ina aka taɓa ganin ƙarti sun tona kayan amarya a kan hanya, ko a ce wa surukai mata su ɗage niƙabi.

Gwaggo Larai, ƙanwar marigayi babanmu, tana gefe tana tsinkar zogale.

"Hamza, ka bincika," ta ce. "Wanga yaro wa ya san ubanai? Bakinai kaɗai muka ji."

Na juya na ce mata baƙin ciki take yi don saurayin nawa bai zaɓi 'yarta Balaraba ba. Matar da ta goye ni na faɗa wa haka. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Yaya ya daɗe yana kallona.

"To, Zuwaira. Don ke."

Rabi'u sunan wanda nake hauka a kansa. Masunta suka tsince shi a bakin tabki wata takwas kafin nan, hannuwansa duk shatar igiya. Ya ce ɓarayin sun kashe mahaifinsa, shi kuma ya kuɓuce musu. Yaya ya ba shi ɗakin zaure, ya ba shi gona, har sintiri suke fita tare.

Ni kuma ya ba ni abin da ba wanda ya taɓa ba ni. Kullum in zan tafi lakwal, makarantar boko, a Madarunfa, inda nake koyarwa, shi ke kai ni a kan babur, a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

"Hasken idona, kin zauna daidai?"

Da wannan kalma kaɗai sai in wuni ina murmushi, yara suna zunɗena.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ni ce malamar da ke ba yara labarin Girkawan dā, waɗanda suka kasa cin wani birni da yaƙi, sai suka sassaƙa ƙaton dokin katako suka cika cikinsa da mayaƙa. Suka bar mutum ɗaya a ɗaure yana kuka wai 'yan uwansa sun zalunce shi, mutanen birni suka tausaya masa, suka ja dokin ciki da hannunsu. Shekara huɗu ina dariyar wautar mutanen nan a gaban allo. Har Rabi'u na ba labarin a kan hanya, ya yi shiru, na ɗauka iska ce ta hana shi ji.

Ranar Alhamis bayan azahar motoci biyu suka iso. Dama Rabi'u ya ce mana gwaggwanninsa ne daga tsallaken iyaka. Aka ɗage musu shinge ba tambaya. Ina leƙe ta taga, na sha lalle, zuciyata fari ƙal. Mata tara suka sauko cikin dogayen hijabai da niƙabi, suna jan akwatuna.

Gidanmu ya kaure da guɗa. Daga ɓangarensu shiru.

Gwaggo Larai ta miƙe tsaye a hankali.

"Wane irin lefe ne wanga, ba mai guɗa ko guda?"

Ta dubi ƙafafunsu, sai ta ƙwalla ƙara.

"Maza ne!"

Nan take suka yaye niƙabi suka ɓalle akwatunan. Ba atamfa ko ɗaya a ciki, bindigogi ne.

Ban san yadda na fito tsakar gida ba. Wani ya fizgi hannuna ya kewaya da ni bayan garka, ya ɗaga ni ya cusa cikin rumbun gero. Rabi'u ne, da bindiga a kafaɗarsa.

"Kada ki fito, Zuwaira. Duk ƙarya ce... ban da ke."

Daga cikin rumbun na ji komai. An kora shanun gari, an tafi da mutum goma sha ɗaya. Yaya Hamza ya rugo daga shinge da ya ji ihun gidanmu, a ƙofar zaure suka harbe shi. Gwaggo ce ta rufe masa ido, kuma har yau ba ta taɓa ce min "ai na faɗa miki" ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Bayan wata uku jandarma suka aiko in zo Madarunfa. Sun kama wani, yana rantsuwa shi ɗan ci-rani ne, kuma ni kaɗai na gan shi da bindiga ran nan.

Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Da ya gan ni ya matso jikin ƙarafan ɗakin da aka kulle shi.

"Hasken idona..."

Zuciyata ta motsa. Ba zan ɓoye ba, ta motsa kamar dā, kuma wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina.

Kwamandan ya tambaye ni ko na san shi. Ya ce in na ce a'a, ba su da hujjar ci gaba da riƙe shi. Rabi'u ya ƙura min ido, hawaye na bin kuncinsa.

"Shi ne," na ce. "Rabi'u ne. Shi ya shigo da su."

Kwamandan ya duba takardar da ke gabansa, ya ɗago.

"Madam, a katin shaidarsa ba Rabi'u aka rubuta ba."

Rabi'u ya sunkuyar da kai, ni kuma ban tambayi sunansa na gaskiya ba. Na ja mayafina na fito cikin rana. Wata takwas, a kowace sujada, ina roƙon Allah Ya tsare min mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba.