Wanda Ya Karya Ƙafar Percy

A ƙofar filin ƙwallo Ada Grimshaw ta fara ganin Wilf Tattersall, a wani garin masaƙu na yankin Lancashire a Ingila, cikin shekarar 1911. Ta sha gabansa tana huci.

"Kai ne ka karya wa yayana Percy ƙafa?"

"Ni ne, amma..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba, ta kwashe shi da mari a gaban abokan wasansa. Wilf ya dafe kunci, ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ran Lahadi sai ga shi a gidansu ya zo duba Percy. Mahaifinta ya tare ƙofa.

"Fita! Ƙaton banza mai neman abinci da shuri! Ka nakasa mini ɗa, yanzu kuma 'yar kake leƙe?"

Wilf ya koma aiko da wasiƙu. Biyu ta yaga ba ta buɗe ba. Ta ukun ta karanta:

"Masifaffiyata, ki zo ki zage ni ran Asabar. Zaginki ya fi mini tafin 'yan kallo. Naki, Wilf."

Ta je da niyyar zagin kuwa, sai ga su suna cin soyayyen kifi da dankali a bakin kogi. Haka suka yi wata biyar a ɓoye, kullum sai sun yi faɗa sun shirya.

Wata safiya ta gani a jarida an sayar da Wilf ga wata ƙungiyar ƙwallo a Yorkshire. Ta baro injin saƙarta, ta same shi wajen atisaye.

"Munafuki! Guduwa za ka yi?"

"Wa ya tambaye ni? Ni ma a jaridar na gani, kamar wani dokin amalanke. Ada, in zan tafi, da ke zan tafi."

Mahaifinta ya rantse ba zai ba shi ita ba. Ada ta daina cin abinci a teburinsa. A kwana na huɗu Percy ya buga sandar dogarawarsa da ƙasa.

"Baba, ni na kai masa shuri don in karya shi, ya goce, na faɗi a kan ƙafata. Ya yi shiru ne don kar a kore ni daga wasa."

Ada ta miƙe ta fuskanci Percy.

"Ka bari na mari mutum a banza?"

Tsohon ya ɗauki hularsa ya fita neman Wilf.

Ran Asabar da safe aka ɗaura auren a coci. Ƙarfe uku ango ya shiga fili don wasansa na ƙarshe a garin, amarya na cikin 'yan kallo da farar rigarta tana zazzaga wa alƙalin wasa masifa.

Da aka tashi, mahaifinta ya riƙe hannayensu.

"Allah ya yi muku albarka. Kai kuma, ɗana, Allah ya ba ka haƙuri."